Maganar Mai Jinya

Ranar da aka maido Hajiya gida daga asibiti, babu wanda ya rubuta kome. Ciwon daji ya ci jikinta, kuɗin magani kuma ya ci gonar gado da ke hanyar Mirriya. Da asuba ta ce wa babban ɗanta: "Ku kai ni ɗakina, na gaji." Kafin azahar tana kwance a unguwar Birni, inda take jin kakakin fadar Sarkin Damagaram tun tana amarya. Bayan kwana tara ta cika.

Autanta, malamin makaranta, bai yi musu ba a lokacin. Sai bayan sadakar arba'in wata tambaya ta hana shi barci: shin ciwo ne ya sa ta faɗi haka, ko tausayin aljihun ƴaƴanta?

Ya san cewa a Nijar ɗaukar ran majinyaci kisa ne, a doka da a addini, kuma ba ya fatan hakan ya sauya. Amma da ya karanta dokar ƙasar Holan ta 2002, wadda ta yarje wa likita ya taimaki marar lafiya ya mutu, shingayen da aka kewaye ta da su sun tsaya masa a rai. Dole likita ya tabbatar roƙon na majinyacin ne, babu tilas. Dole wani likita na dabam ya gana da shi. Bayan mutuwa kuma, kwamiti mai lauya da likita da masanin ɗa'a ya bi diddigin abin da aka yi. Masu suka na cewa bincike bayan rai ya fita ihu ne bayan hari. Faransa kuwa, a dokar Leonetti ta 2005, ta tsara yadda za a dakatar da maganin da ba ya amfani, tare da shawarar likitoci da rubuta dalili.

Wani dattijo masanin fiƙihu ya tunatar da shi cewa mazhabar Malikiyya ta daɗe tana taka-tsantsan da ciwon ajali. Kyautar mai irin wannan ciwo ba ta wuce sulusin dukiyarsa, aurensa ba ya inganta, matar da ya saka kuma tana gadonsa. Malam ya yi shiru. Ashe an gina wa dukiyar mai jinya katanga, shawarar barin magani kuwa an bar ta ga ƴaƴa masu bashi a wuya.

Bai zargi yayansa ba, domin shi ma yana tsaye a wurin. Abin da ke cin ransa shi ne ba a samu mutum guda, wanda ba magaji ba, da ya zauna kusa da ita ya ce: "Hajiya, in da kuɗi, za ki zauna?"