Gardamar Masu Saurare

Mu da muka tashi tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, tun kafin mu ji labarin wani fanni da ake kira tarken adabi a jami'a, mun riga mun sha shi a teburin mai shayi da rumfar mai sayar da kaset. Malaman namu kuwa direbobi ne da teloli da masu awon hatsi, sai ɗaiɗaikun malaman firamare da ma'aikatan madatsar ruwa ta Bakolori. Darasin kusan kullum guda ne: tsakanin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, wa ya fi wani?

Abin da ya sa gardamar ke zafi shi ne kowane gari yana da rabonsa a cikin mutanen nan biyu. Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, amma duniya da Maradun ta san shi, domin gidansu makaɗan Sarkin Ƙayan Maradun ne. Sa'idu kuwa mutumin Faru ne, ita ma ƙasar Maradun, sai dai sunansa ya fi fita a fadar Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya taɓa riƙe Talata Mafara kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Saboda haka Bamafare na jin Sa'idu nasa ne, mutumin Bakura ba ya yarda a raba shi da Ɗanƙwairo, na Maradun kuma ya ce duk su biyun 'ya'yansa ne, a yi ta yi.

Sai dai son gari kaɗai ba ya fid da mutum a wannan majalisa. Dole ka kawo hujja. Masu Ɗanƙwairo su kan kafe a kan murya da tsarin amshi, yadda zai ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe, wasu su yi ƙari, har ka rasa inda bakinsa ya tsaya nasu ya fara. Masu Sa'idu su ce wannan daɗin kunne ne kawai, a zo a yi maganar hikima: yadda yake gina zambo, ya siffanta abokin hamayyar ubangidansa da wata dabba, kowa ya gane wanda ake nufi alhali ba a ambaci suna ba. Ba banza ba, in ji su, ake ce masa Malamin Waƙa. In musu ya ƙi ƙarewa, sai a zare kaset, a zura biro a juya shi baya don kada a kashe batir, a sake saurare. Wanda kuwa ya kuskura ya jirkita kalma ɗaya, mutum biyar za su gyara masa a lokaci guda. Narambaɗa ne kaɗai ba a sawa cikin awo. Da an ambaci na Isa, sai kowa ya gyaɗa kai.

Da talabijin ta yawaita, wannan ɗabi'a ta bi mu gaban akwatin. An yi ta a kan Idon Matambayi na NTA Sakkwato, an yi ta a kan Samanja da Karkuzu. Finafinan Indiya ma ba su tsira ba. Mutanen da ba su jin Indiyanci ko kalma goma sun raba dare suna musun wanda ya fi jarunta a Sholay, Amitabh ko Dharmendra.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Ingila, cikin watan Agusta na 1995, ƙungiyoyi biyu na makaɗan jita, Blur da Oasis, suka fitar da sabbin waƙoƙinsu rana ɗaya, ƙasar ta rabu biyu. Oasis 'yan Manchester ne, ana ganinsu 'ya'yan talakawan arewa. Blur kuwa na kudu ne, 'yan boko. Blur ta yi rinjaye a cinikin makon, da kwafi kusan 274,000 a kan 216,000. Ka ga ke nan can ma son gari ya shiga cikin son waƙa. Bambancin shi ne su mujallunsu irin su NME sun buga ra'ayin kowa, har wasiƙun masu saurare, yana nan a ajiye. Tamu gardamar kuwa iska ta kwashe.

A nan ne abin ya shafe mu, mu marubuta. Gaskiya ne masana irin su Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki babba wajen tattara tarihin makaɗa, kuma an yi muhawara mai zafi a jaridu cikin shekarun 1990 kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. To amma duka wannan muryar malamai ce. A zaman karatu na ƙungiyarmu kuwa, mutum ya karanta labarinsa, a tafa, a ce Allah ya ƙara basira, a tashi. Wanda ya yi ƙarfin halin cewa babi na uku ya yi sanyi, sai a ɗauke shi maƙiyi. Telan Mafara da ba ya iya rubuta sunansa da boko ya fi mu tsanani a kan abin da yake ƙauna, ya kuma fi mu kawo hujja.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991. Waƙoƙinsa da na Sa'idu suna nan cikin wayoyin samari, sun ma fi sauƙin samu yanzu. Abin da ke ƙarewa shi ne mutanen da suka san bayan waƙar: wane ɗan sarki aka yi wa wannan zambo, wace rigimar sarauta ta jawo wancan habaici, a wace salla aka fara rera ta. Yawancinsu sun tsufa, wasu matsalar 'yan bindiga ta tashe su daga ƙauyukansu, hirar dare kuma ta ragu a garuruwa da dama. Ranar Talata har yanzu akan sami biyu ko uku a kasuwar Mafara, kuma in ka tsokane su da sunan Sa'idu, sai la'asar ta riske ka a wurin.