Dala ɗari biyu

Innarmu ce uwar adashen matan layinmu a Lazare. Mata goma sha huɗu, zubi duk ran Juma'a, jikka guda kowace. Tun ina firamare lissafin yana cikin wani kaye mai shuɗin bango, ba a taɓa jin kansu ba.

Bana yayana, mai karatun kwamfuta, ya ce zai hutar da ita. Ya haɗa mata ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira a waya: a rubuta masa magana, shi ya zaɓi kayan aikin da zai ɗauka, ko na rubuta zubi, ko na duba wadda ba ta biya ba. Inna ta faɗa, ƙanwata ta rubuta. Sati biyu lafiya lau, don ƙanwata tana juya kuɗin da kanta kafin ta rubuta. A na uku tana sauri, ta rubuta yadda ta ji: wance ta kawo dala ɗari biyu. Na'ura ta ajiye 200, ta ce saura 800, aka tura wa matar tuni.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zo da magariba, ta gaisa, sannan ta ce, "Hajiya, yau ni ake bi bashi ta waya?" Wallahi da ta yi zagi da ya fi sauƙi. Inna ta ɗauko kaye tana ba da haƙuri, ni kuwa ina ɗaki kamar in nutse.

Yaya ya ce na'urar ce jaka. Na ce ya nuna mani abin da ya gaya mata. Ashe ɗan aiken ba ya ganin cikin shirin ko kaɗan. Abin da ake miƙa masa kawai sunan kayan aikin, da ɗan bayani, da guraben da zai cika. Haka tsarin yake tun da OpenAI ya fito da shi a 2023, haka kuma yake a MCP da Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Bayanin yaya layi ɗaya ne da Faransanci, wai a rubuta biya, sai gurbi biyu: nom da montant. Shi ke nan.

To montant na me? Mu nan Yamai dala tamma biyar ce ta sefa, Bazabarme ma da ita yake ƙirga, jikka kuwa dala ɗari biyu. Amma duk wanda ya koyi Hausa a labaran rediyo da jaridun Najeriya, dala a wurinsa kuɗin Amurka ce. Na'urar daga irin wannan rubutu ta sha Hausarta, ba ta taɓa cinikin tumatir a kasuwa ba. Na ma gode da ba ta juya kuɗin zuwa na Amurka ba.

A jami'ar Abdou Moumouni mun yi Grice da ƙa'idojinsa huɗu na zance, na 1975. Na haddace su don jarrabawa kawai, ban san zan gamu da su a tsakar gidanmu ba. Wadda yaya ya karya ita ce ta yawa: ka faɗi iyakar abin da mai sauraro yake bukata. Wahalar ita ce abin da ka fi sani shi ne ba ka tuna faɗa.

Na karɓi aikin. Ma'aunina ɗaya ne: in ba baƙo bayanin, in ga ko zai yi aiken daidai ba tare da ya tambaye ni ba. Na samu wata ƴar ajinmu da ta tashi a Kano, na ba ta takardar da jimloli ashirin irin na bakin Inna. Duk inda ta tsaya tana kallona, nan bayanin ya gaza. Ta tsaya a dala. Ta tsaya a "ta biya na jiya", wace Juma'a ke nan? Ta tsaya inda mata biyu suke da suna ɗaya, abin da ni ban ma tuna ba, don mu da sunan ƴaƴansu muke rarrabe su.

Gyarana na farko ya kai shafi guda, har tarihin dala na zuba. Sai ɗan aiken ya fara rikita zubi da kwasa, saboda na ambaci kwasa sau uku cikin bayanin zubi. Yaya ya yi ta dariya, ya ce ga ƴan ilimin harshe nan. Na rage ya koma jimla biyar: abin da kayan yake yi, lokacin da ba a taɓa shi, cewa kuɗin da tamma ake rubutawa, dala a ninka biyar, jikka dubu, kuma in suna ya zo biyu a tambaya, kada a yi cinta. A jimloli ashirin ɗin ya ci sha tara. Wadda ya faɗi ita ce "ta cika", har yanzu muna gardama da yaya ko laifin wa.

Inna ta yarda a ci gaba, da sharaɗin ba a tura wa kowa saƙo sai ta duba kaye. Matar nan ba ta fita adashen ba. Sai dai duk Juma'a in ta miƙa jikkarta, tana tsaye har ta ga biro ya taɓa takarda.