Na Cire Fankar Bel, Na Sa Ta Lantarki

A gidanmu da ke Zangon Kwatano, mutum tara ke ci daga mota ɗaya. Tsohuwar akori-kura ce da na gada a hannun mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Shekara da shekaru aikinta guda ne: ta ɗauki kaya daga Kwatano, ta bi ta Bohikon da Paraku da Kandi har Malanbil, tafiyar sama da kilomita 700, a tsallaka gada a sauke a Gaya. Duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin allurar zafinta ta wuce tsakiya ba.

Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, sai aka rufe iyakar Malanbil da Gaya. Ko da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, gadar ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar. Tukunyar gida kuwa ba ta jiran 'yan siyasa su shirya. Dole na juyo da motar cikin gari: dilar gwanjo daga Misebo, buhunan albasa da shinkafa daga kasuwar Dantokpa zuwa Akpakpa, wani lokaci har Godome da Kalabi.

A nan ne motar ta fito da halin da ban san ta da shi ba. Da zarar mun shiga cunkoson bakin gadar Dantokpa da tsakar rana, masu kabu-kabu masu rawayar riga sun cika gaba da baya, sai allura ta fara hawa. In na samu hanya na taka, ta sauko. In na sake tsayawa, ta sake hawa. Sau biyu ruwa ya tafasa, na tsaya gefen titi da kayan mutane ina jiran inji ya huce.

Makaniken da ke duba mana ita tun zamanin Baba ya wanke lagireto, ya duba famfon ruwa, ya ɗaure bel, duk lafiya lau. Sai ya ce: "Alhaji, motarka ba ta da ciwo. Aikinta ne ya canza."

Bayaninsa mai sauƙi ne. Fankar tsofaffin motoci bel ne ke juya ta, bel ɗin kuma inji ke jansa. Inji ya yi gudu, fanka ta yi gudu. Inji ya koma silo, ita ma ta koma silo. A kan babbar hanya, iskar da ke bugun gaban mota ta isa ta sanyaya lagireto ko da ba fanka. A cunkoso kuwa babu wannan iska, kuma daidai lokacin ne fankar ke juyawa a hankali. Wato tana ƙoƙari inda ba a bukatarta, tana kasala inda ake nemanta. Ita ta lantarki ba ruwanta da gudun inji. Zafin ruwa take bi: ya kai wajen digiri 90 ta tashi da ƙarfinta, ya sauka ta tsaya. Yawancin ƙananan motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ana jerawa a filayen Sekanji da irinta suke zuwa, don injinsu a gicciye yake, bel ba zai iya kaiwa ga fanka ba.

Yayana bai yarda ba. "Da tsohuwar zuma ake magani," in ji shi. "Bel in ya tsinke a daji, ka ciro wani a bayan kujera ka ɗaura. Waya in ta ƙone tsakanin Kandi da Malanbil, wa za ka kira?" Na ce, "Yaya, gaskiyarka. Amma yaushe rabon motar nan da ganin Kandi?" Ya yi shiru, don shi ma ya san in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Uwargida ce ta yanke maganar. Ta ɗauko littafin da take rubuta kuɗin cefane da na adashe, ta tambayi abin da za a kashe in zafi ya ƙona gasket ko ya lanƙwasa kan inji, da kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko dala ba. Muka lissafa, ya haura kuɗin makarantar yara uku na zangon farko, ga shi watan Satumba ya matso. Ta ce, "Maigida, a yi aikin nan tun kafin ya zama dole." Daga adashenta aka sayi fankar.

Ga duk ɗan'uwan da ke tunanin yin haka, fanka ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Na zauna tare da mai gyaran wayar mota daga safe har la'asar, kuma ga abin da na gani ya fi muhimmanci.

Na farko, a auna faɗin lagireto a samo fanka mai rufe mafi yawansa, tare da murfinta na roba da ke tattara iska. In babu murfin nan, iskar gefe kawai za ta riƙa kaɗawa. Na biyu, a tabbatar da inda take tura iska. In tana tsakanin lagireto da inji, dole ta zuƙo iska daga waje zuwa ciki. In aka juya wayoyi biyun, baya za ta riƙa juyawa, tana faɗa da iskar hanya. Mu da 'yar takarda muka gwada: aka sa a gaban lagireto, ta manne, muka san daidai ne.

Na uku, wuta. Irin wannan fanka na iya jan amfiya 10 zuwa 20, kuma ta fi haka a daidai lokacin da take tashi. Saboda haka tana son waya mai kauri, da fis nata na kanta, da rile, wato ɗan akwatin da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta. A kuma duba ko altaneta zai iya ɗaukar ƙarin, musamman da dare in an kunna fitilu. Na huɗu, kada a yarda a haɗa ta kai tsaye da makulli ta riƙa juyawa ba tsayawa, kamar yadda wasu ke yi don gudun wahala. A sa mata na'urar jin zafi. Haka kuma kada a cire tamostat; inji na da zafin da ya fi son aiki a kai. Bel kuma yana nan daram, don shi ke juya famfon ruwa da altaneta. Fuka-fukan kawai aka cire.

Kwatano na da nata sharuɗɗan. Iskar teku mai gishiri tana cin bakin waya, don haka duk mahaɗa sai an matse ta an rufe. Sannan ga damina, daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da wasu layuka ke zama tafki. Na sa an ƙara mini makunni kusa da sitiyari: in zan ratsa ruwa in kashe fankar don kada ta watsa shi kan wayoyi, in na fito in mayar. Yaran gida da yaron mota kuwa na ja musu kunne: wannan fanka tana iya tashi da kanta ko an kashe mota, kada wanda ya sa hannu kusa da ita.

Yanzu a cunkoso nakan ji ta tashi, ta yi ɗan lokaci, ta yi shiru, allura na tsakiya. Ƙarar gaban mota ma ta ragu. Batun mai ba zan cika baki ba. In akwai ragi, kaɗan ne, kuma ba don shi na yi ba.

Ba kowa nake ba wannan shawara ba. Mai babbar mota da ke hawa arewa da lodi mai nauyi, inji na aiki da ƙarfi awa da awanni, fankar bel ta fi masa, don iskar da take ja ta fi yawa. Kowa ya dubi inda motarsa ke samo abincin gida, ya yi mata abin da ya dace da wurin.

Tsohuwar fankar ban sayar ba. Yaya ya sa na goge ta, na haɗa da ƙusoshinta huɗu a leda, na ajiye ƙarƙashin gado. Ya ce ranar da aka koma hawa Gaya kamar da, da hannunsa zai mayar da ita. Allah Ya nuna mana ranar, amin.