Ƙuri'ar da ta fi kusa da ƙofar gida

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya su riƙa shiga hannunsu kai tsaye. Hukuncin ya ƙara wa kujerar ciyaman da ta kansila nauyi, domin su ke da alhakin kwalbatin da leda ta toshe, da ƙaramin asibitin da mai naƙuda kan tarar a kulle da tsakar dare. Amma ranar zaɓensu sai ka ga rumfa fayau.

Masu ƙin fita suna da hujja. Gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen jiha, jam'iyyarsa kuma kan lashe komai, kamar yadda NNPP ta kwashe kujerun ciyaman 44 na Kano a Oktoban 2024. Wannan abin damuwa ne ƙwarai. Sai dai rumfar da ba kowa ta fi sauƙin rubuta wa sakamako. Inda mutanen unguwa suka tsaya har aka ƙirga ƙuri'a a gabansu, kowa ya san abin da akwati ya haifa. Kansila kuwa maƙwabci ne, gobe za a haɗu da shi wajen suna ko jana'iza. Mai katin zaɓe ya lalubo katin tun yanzu, ya tambayi ɗan takarar mazaɓarsa yaushe za a yashe kwalbatin nan.