Kwaɗo a Ƙafar Babur

A makaranta irin tamu babur ba kayan ado ba ne. Shi ne yake kawo malami aji kafin a kaɗa ƙararrawa, shi ne yake kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, shi ne kuma yake ɗauko buhun masara daga gona da kaka. Iyayenmu sun ba mu labari cewa a shekarar 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, malamai da yawa suka jingine kekunansu suka sayi Honda da Suzuki da Yamaha. A namu zamani Jincheng ta ƙasar Sin ta shigo, Bajaj Boxer ta Indiya ta biyo baya. Abin da bai sake ba shi ne, yawancinmu sai da adashi ko rance muke iya sayensa, ɓarawo kuwa cikin 'yan mintoci yake raba mutum da shi.

Saboda haka kowa yana kulle nasa. Akwai makullin wuya wanda babur yake zuwa da shi daga kamfani, amma kowa ya san ƙarfinsa kaɗan ne, don haka ake ƙarawa da sarƙa da kwaɗo, a zura ta cikin wayoyin ƙafa. Masu sababbin babura, irin waɗanda suke da faifan birki a ƙafar gaba, sukan sayi wani ɗan ƙaramin kwaɗo da ake maƙalawa a ramin faifan. Bai fi dunƙulen hannun yaro ba. Wannan ƙanƙantar ita ce amfaninsa, gama yana shiga aljihu, ita ce kuma haɗarinsa, gama wanda ya zauna a kan babur ba ya ganinsa.

To, me yake faruwa idan mutum ya hau bai cire ba? Bari mu yi ɗan lissafi, tun da makaranta muke. Ƙafar babur irin namu, idan ta juya sau ɗaya, tafiyarta ba ta kai mita 2 ba. Kwaɗon yana juyawa tare da ƙafar, kafin ya gama zagaye ɗaya sai ya bugi ƙarfen da yake riƙe da ita. Nan take ƙafar ta tsaya cik. Amma injin yana turowa daga baya, babur ɗin ya fi kilo 100, ga nauyin mai shi, wataƙila ga uwargida da yaro a baya. Mutum ya riga ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa, bai kuwa sami gudun da zai riƙe shi a tsaye ba. Sai ƙasa. Yaran aji ɗaya suna iya cewa wannan kwaɗo ba ya tsalle, mai shi yake sa wa tsalle.

Mun sha ganin haka, musamman ran Lahadi bayan an tashi daga sujada. Mutum ya fito ana gaisawa, wannan yana tambayarsa mutanen gida, wancan yana tuna masa da taron kwamiti, yaro yana jan rigarsa yana kukan yunwa. Ya sa makulli, ya buga kik, ya sa giya, ya ɗaga hannu yana sallama. Kafin hannun ya sauko ya riga ya kwanta a gefe, babur a kan ƙafarsa. Jama'a su ruga su ɗaga shi, matasa su juya baya suna ɓoye dariya, shi kuma ya miƙe yana kakkaɓe babbar riga yana cewa ba kome, ba kome.

Sau da yawa akwai kome. Salansa mai zafi takan ƙone ƙaurin wadda aka goyo. Wanda ya tare ƙasa da tafin hannu yakan karye a wuyan hannu, malami kuwa da hannu yake riƙe alli. Abin da ya fi damunmu ma shi ne ɓarnar da ba a gani a ranar. Waya biyu ko uku sun tsinke ko sun saki, ƙafa ta fara rawa. Faifan birki ya ɗan lanƙwashe, ko abin da yake damƙe shi ya tsage. Mai babur, don kunya, yakan yi sauri ya bar wurin bai duba ba, sai bayan mako guda a gangaren hanya ya taka birki ya ji ba daidai ba. Duk wanda haka ta same shi, ya wuce wurin bakanike a ranar, ko da babur ɗin yana tafiya lafiya.

Mutane sukan ce sakaci ne. Mu ba mu yarda da wannan gaba ɗaya ba, domin waɗanda muka ga abin ya same su ba sakarkaru ba ne, wasunsu sun shekara 20 suna tuƙi. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa aikin da mutum ya maimaita sau dubbai yakan koma hannu, ba ya bi ta tunani kuma. Sa makulli, buga kik, matse kuloci, sa giya, duk sarƙa ɗaya ce, wannan yana jawo wancan. Cire kwaɗo kuwa ba ya cikin sarƙar, domin ba kullum ake sa shi ba: a gida babur yana kwana a ɗaki, a makaranta akwai maigadi, sai a kasuwa ko asibiti ko majami'a ake kullewa. Sabon mahayi yana tsoro, yana duba kome. Tsohon hannu ne yake hawa yana magana. Gwanin ruwa, in ji Hausawa, shi ruwa kan ci.

Ba masu babur kaɗai ba ne. Ran 30 ga Oktoba 1935, a filin jirgin sama na Wright a jihar Ohio ta Amurka, sojoji suna gwada wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing mai inji huɗu. Jiragen sama ma suna da makulli, wanda yake riƙe fikafikan wutsiya don kada iska ta riƙa kaɗa su sa'ad da jirgi yake ajiye. Matuƙin, Manjo Ployer Hill, yana cikin gwanayen gwada jirage na sojan Amurka. Ba a cire makullin ba. Jirgin ya tashi, ya miƙe sama, ya faɗo ya kama wuta, mutum biyu cikin biyar suka rasa ransu, har da shi Manjo Hill. Sojojin ba su ce a nemo matuƙan da suka fi shi ba. Sai suka rubuta abubuwan da za a duba a kan kati, a karanta ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi. Jirgin nan shi ne ya zama B-17 na Yaƙin Duniya na Biyu. Har yau kuma, idan aka sa wa jirgi abin da dole a cire kafin tashi, akan rataya masa jan ƙyalle mai tsawo wanda ido ba zai tsallake ba. Duk da haka a watan Mayu 2014 wani ƙaramin jirgi ƙirar Gulfstream ya yi haɗari a jihar Massachusetts saboda irin wannan makulli, mutum 7 suka mutu, masu bincike kuwa suka gano cewa matuƙan sun saba tsallake gwajin da ake yi kafin tashi.

Jan ƙyallen nan shi ne ya kamata mu ɗauka. Masu sayar da kwaɗon faifai suna da wata igiya mai launin ruwan lemo ko rawaya, a ɗaura baki ɗaya a kwaɗon, ɗayan a rataya a hannun babur. Ba ta hana sata, aikinta kawai ta tsaya tsakanin hannunka da totur. Wanda ba shi da ita, igiyar roba ta tsohon tub ta isa. Wani abokin aikinmu tsohuwar safa yake ajiye kwaɗonsa a ciki. Da ya kulle babur sai ya zura safar a kan totur, ba ya cire ta sai kwaɗon ya koma cikinta. Ana yi masa ba'a a ɗakin malamai, amma ba mu taɓa ɗaga shi daga ƙasa ba. Akwai kuma kwaɗo mai ƙara, wanda yake ihu da an motsa babur. Yana da kyau, sai dai batirinsa yakan mutu shiru ba sallama, ga shi da tsada. Mu mun fi amincewa da safar. Wasu dattawa kuma sukan tura babur da hannu taki uku kafin su tayar, in akwai abin da ya riƙe ƙafa za a ji shi a hankali. Amma wanda ya ce tun da kwaɗo ya taɓa kayar da shi ya daina kullewa, wannan ya yi wa ɓarawo aiki.

Ya ku ɗalibai, kada ku ce wannan maganar malamai ce. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 lasin tuƙi ba, mun kuwa san abin da wasunku suke yi da hutu, amma ba shi ne zancenmu yau ba. Ku ne ake goyowa. Wanda zai hau baya yana tsaye a ƙasa sa'ad da mai tuƙi ya riga ya zauna, saboda haka shi ne yake ganin ƙafafun biyu sarai. Ku duba kafin ku hau, ku faɗa da ladabi: "Baba, kwaɗo yana nan." Haka kuma idan an aike ku ku shigar da babur ko ku kulle shi, ku faɗi abin da kuka sa da inda kuka sa shi. Mun san wani dattijo wanda bai taɓa sa sarƙa a ƙafar baya ba; ɗansa ne ya sa masa da dare don ƙauna, ya tafi makaranta da sassafe da mabuɗin a aljihunsa. Dattijon ya yi mako shida da hannu a ɗaure.