Sharar Jatan Lande

Da aka rufe iyakokin Najeriya na tudu a watan Agustan 2019, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta yi tsit. Mahaifinmu ɗan dako ne a bakin iyaka, saboda haka tukunyar gidanmu a Farfaru ta koma kan kajin Inna. Su kuma kajin, da abincin kanti ya fi ƙarfinmu aka bar su da dusa zalla, sai ƙwai ya ja baya, wanda aka samu ma ɓawonsa laushi gare shi.

Wata Lahadi Inna ta aike ni kasuwar Jibiya wurin wata mai sayar da busasshen jatan lande, irin wanda ake kawowa daga Oron ta Jihar Akwa Ibom. Kawuna da ɓawo da garin da ke taruwa a gindin buhu aka ce in karɓo. Na ɗauko ina sunkuyar da kai, kada abokaina su ji ƙarnin abin da ke kaina.

Muka shanya shi kwana biyu, muka tsince tsakuwa, Inna ta daka. Ranar da ta tafi biki ta bar mini kajin, na ce in kaɗan na da amfani, mai yawa zai fi. Na zuba rabi da rabi. Kajin suka kama zawo, uku suka mutu.

Inna ba ta dake ni ba. Cewa ta yi, “Ɗan nan, gishiri ma ba a miya da shi zalla.” Ta auna mini: gwangwani ɗaya a cikin goma na dusa da ɓarzajjen hatsi. Bayan ’yan makonni ƙwai ya dawo, ɓawonsa da ƙwari.

Sai da na shiga ajin kimiyyar noma na san dalili. Kawunan suna ɗauke da furotin, ɓawon da kalsiyam, amma akwai kuma sinadarin kaitin mai wuyar narkewa a cikin kaza, ga gishiri in ya yi yawa.

Ban taɓa ganin teku ba. Amma kuɗin jarrabawata ta ƙarshe daga sharar tekun nan suka fito, kuma har yau kajin nan uku suna raina duk lokacin da na ɗauki gwangwanin awo.