Alƙalami Ma Yana Jiyya

Duk wanda aka taɓa kwantarwa a asibiti ya san likita ba ya zama. Da safe ya kan zo ya zaga, ya dudduba, ya rubuta magani, ya wuce. Wadda ke kwana ta wuni tare da maras lafiya ita ce ma'aikaciyar jiyya, watau nas. Ita ke ba da magani kan lokacinsa, ita ke yin allura, ita ke wanke miki, ita ce kuma ke fara lura idan numfashin mutum ya sake da tsakar dare. In ta san aikinta, ta kan kira likita tun abin bai yi nisa ba. In kuwa ba ta sani ba, ko aiki ya yi mata yawa, sai gari ya waye a tarad da mai aukuwa ta auku.

Mai sayen yadi a kasuwa ya kan warware turmi ya duba. Mai sayen doki ya kan buɗe bakinsa ya ga haƙora. Amma maras lafiya ba shi da hanyar da zai gwada mai yi masa jiyya, miƙa hannu kawai ya ke yi a soka masa allura. Saboda haka ne hukumomi suka kafa dokokin da ke faɗin wanda ya cancanci wannan aiki, da abin da zai koya, da laifin da zai sa a hana shi. To, su masu kafa dokar, ina suka samo saninta? Gama dokar da aka yi da ka tana iya kashe mutane kamar yadda rashin doka ke yi. Amsar tana cikin tarihin aikin kansa, kuma mai karatu zai yi mamakin yawan abin da takarda da alƙalami suka yi a ciki.

A shekarar 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi don su taimaki Turkiyya a kan Rasha. An gwabza a wata ƙasa da a ke kira Kirimiya, a bakin Bahar Aswad. Sojojin Ingila da suka yi rauni ko suka kamu da ciwo, a kan ɗebe su cikin jiragen ruwa a kai su wani tsohon bariki a Sukutari, tsallaken ruwa daga birnin Santambul. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara wata Baturiya mai suna Florence Nightingale ta isa can tare da mata 38 masu jiyya. Ta tarad da mutane kwance a jere, an cusa su kamar goro a huhu, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, babu isasshen sabulu, babu tufafin sakewa. Barikin kuwa a kan magudanar ƙazanta ya ke zaune, warin yana tasowa har cikin ɗakunan kwana.

Ta ɗaura ɗamara, ta sa aka yi wanki, ta gyara dahuwar abinci, ta sayo riguna. Duk da haka mutuwa ba ta sassauta ba. Cikin wannan lokacin sanyi soja fiye da 4,000 suka mutu a wurin. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane maras lafiya 100 kimanin 42 ke rasuwa. Cikin watan Maris Gwamnatin Ingila ta aiko da wani kwamiti na masanan tsabta. Suka sa aka wanke magudanai, aka buɗe hanyoyin shigar iska, aka kwashe juji. Har mushen doki aka tsamo daga hanyar ruwan da ke shiga asibitin. Sanyi kuma ya wuce, cunkoso ya ragu. Kafin watan Yuni ya ƙare, masu mutuwa sun komo kimanin 2 cikin 100.

Da aka gama yaƙi a 1856 ta koma gida, mutane suna ta yabonta saboda fitilar da ta kan riƙe ta zaga marasa lafiya da dare. Amma babban aikinta bayan ta ajiye fitila ta yi shi. Ta haɗa kai da wani likita, William Farr, wanda ke aikin lissafi a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila, suka baje takardun soja suka bi su ɗaya ɗaya. Da yawa cikin jama'a sun ɗauka harsashi da takobi ne suka ƙarar da samarinsu. Lissafi ya nuna waɗanda aka kashe a fagen fama da waɗanda rauni ya kashe, duka ba su kai 5,000 ba, amma cuta ta kashe fiye da 16,000: atuni, da kwalara, da taifot, da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa. Suka gano wani abu kuma da ya fi wannan ban tsoro. Ashe ko a gida Ingila, lokacin zaman lafiya, sojan da ke bariki ya fi sa'ansa farin hula saurin mutuwa wajen ninki biyu, alhali shi sai da aka gwada lafiyarsa kana aka ɗauke shi.

Ta san manya ba su da haƙurin bin dogon lissafi, don haka sai ta mai da shi zane. Ta shafa shuɗi a kason waɗanda cuta ta kashe, ja a na masu rauni, baƙi a na sauran. Kowa ya duba ya ga shuɗi ya cinye takarda. Gani ya kori ji. A 1857 aka naɗa babban kwamiti ya binciki lafiyar soja, daga nan aka shiga gyaran barikoki da asibitoci.

A 1860 ta buɗe makarantar koyon jiyya a asibitin St Thomas cikin birnin Landan, da ɗalibai 15. Kowace ɗaliba tana da shafinta a littafi, inda a ke rubuta halinta da gwanintarta. Ta kuma buɗe wurin koyad da ungozomomi a wani asibiti. Da lissafi ya nuna zazzaɓin jego yana kashe matan da ke haihuwa a wurin, sai aka rufe shi a 1867, ko da ya ke aikin hannunta ne. Bincike ba ya sanin gwani, kuma wannan shi ne amfaninsa.

Sauran magana ita ce, yaya talaka zai rarrabe wadda ta yi makaranta da wadda ta ɗinka farar riga kawai? Daga 1887 wata shugabar masu jiyya, Ethel Bedford Fenwick, ta tashi tsaye sai hukuma ta buɗe rajista, kada kowa ya amsa sunan sai wanda ya ci jarrabawa aka rubuta shi. Abin mamaki, Florence Nightingale ba ta goyi bayan wannan ba. A ganinta jarrabawa tana auna abin da ke cikin kai, amma ba ta auna tausayi da riƙon amana. Maganarta abar dubawa ce. Sai dai hali ba shi da tambari a goshi, kuma ba a barin rayukan jama'a a kan kyakkyawan zato. Ƙasar Niyu Zilan ta yi dokar rajista a 1901. Ingila ta yi tata a 1919, shekara tara bayan rasuwar Florence Nightingale. A Nijeriya an yi dokar ungozomomi a 1930, an kafa majalisar masu jiyya a 1947, sa'an nan aka haɗe su wuri guda a 1979. Rajista tana da ƙofa biyu, ta shiga da ta fita. Wanda ya yi ha'inci ko sakaci mai muni a kan soke sunansa, kuma tsoron wannan ma kariya ne ga maras lafiya.

Rajista ta nuna wanda ya iya aiki, amma ba ta faɗi yawan aikin da mutum ɗaya zai iya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya san haka, sai dai masu riƙe da baitulmali ba su kan saki kuɗi saboda karin magana ba, sai sun ga lissafi. A 2002 wata masaniya, Linda Aiken, da abokan aikinta suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya ta Amurka, a kan mutane fiye da 230,000 da aka yi wa fiɗa. Suka ga duk sa'ad da aka ƙara wa nas maras lafiya ɗaya a kan waɗanda ta ke dubawa, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 ya kan ƙaru da kashi 7 cikin 100. Watau inda da za a rasa mutum 100, sai a rasa 107. A 2014 aka fitar da irin wannan bincike daga asibitoci 300 cikin ƙasashe tara na Turai, aka sami daidai da haka. Aka kuma ga inda masu jiyya suka fi zurfin karatu, mutuwa ta fi ƙaranci. Nan gardamar da aka fara tun zamanin Sarauniya Biktoriya ta sami shaida: karatun nas yana ceton rai.

Jihar Kalifoniya ta yi doka a 1999, ta fara aiki a 2004, wadda ta ƙayyade yawan marasa lafiyar da za a ɗora wa nas ɗaya. A ɗakin masu matsanancin ciwo, kada su wuce biyu. Jihar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya ta yi tata a 2016, mutum huɗu da rana, bakwai da dare, amma ta ƙara da wata hikima. Aka auna asibitoci 27 da dokar ta shafa, aka gwada su da 28 da ba ta shafa ba, kafin doka da bayanta. Masu binciken sun ƙiyasta an tsirad da rai 145 cikin shekara biyu, kuma kuɗin da aka tsimi saboda saurin sallamar marasa lafiya ya ninka wanda aka kashe wajen ɗaukar sababbin ma'aikata. Manomin kirki ba ya shuka ya tafi, ya kan koma ya ga abin da ya tsiro. Haka ya kamata a yi wa doka.

Amma fa mudun wani gari ba lalle ya yi daidai da na wani ba. Abin da ya dace da asibitin Amurka ba shi ne zai dace da ɗakin shan magani na ƙauye ba, inda ma'aikaci ɗaya ke karɓar haihuwa, ya yi allurar rigakafi, ya ɗaure karaya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo. Wajibi ne kowace ƙasa ta ƙidaya nata: mata nawa suka haihu, nawa suka rasu, a hannun wa, da wane lokaci, kuma mene ne sanadi. Wannan ƙidaya kuwa ba a babban birni ta ke farawa ba. Tana farawa ne daga malamin asibiti da ke cika littafi da yamma bayan ya gaji. In ya rubuta gaskiya, ko da ba ta yi wa shugabansa daɗi ba, ya taimaki mutanen da ba zai taɓa gani ba. In ya cika shafi da ƙarya, masu doka za su gina a kan rairayi.

Wanda ya iya karatu yana da nasa rabon a cikin wannan aiki. In an haihu ko an yi rasuwa a gidansa, ya kai a rubuta. In masu bincike sun zo da tambaya, ya faɗi abin da ya auku, kada kunya ta sa ya ɓoye. In wani ya zo unguwa da jaka yana yi wa mutane allura, ya nemi ganin takardar izninsa, ya karanta ta da idonsa. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, gama saboda ita aka ba shi takardar.